Komai Nata Na Asali Ne?

Kawuna yana da wata tsohuwar mota a Talata Mafara, Datsun a-kori-kura, wadda ta girme ni nesa ba kusa ba. Ta hannu ya saya, a shekarun da aikin madatsar ruwa ta Bakolori ya cika garin da baƙi da kuɗi, kuma tun daga lokacin ba ta san hutu ba. Ta yi jigilar shinkafa da albasa da dankali daga fadamun Bakura da Maradun, ta kai amare ɗakunansu, ta kai masu naƙuda asibiti da tsakar dare, ta kuma raka mutane da yawa maƙabarta. Duk ranar Talata za ka same ta a bakin kasuwa tana jiran lodi, fentinta ya koɗe har ba ka iya cewa fara ce ko ruwan toka.

Bara da kaka wani dillali ya zo gidan da baƙo daga Abuja, wani Alhaji mai sha'awar tara tsofaffin motocin Japan. Kafin baƙon ya fito daga motarsa, dillalin ya ja Kawu gefe ya ce, "Baba, zai tambaye ka ko kayanta na asali ne. Ka ce e, ka ja bakinka ka yi shiru. Ba mai ganewa sai wanda ya kwance ta." Kuɗin da ya raɗa masa a kunne sun isa a gina ɗaki biyu da kewaye. Ana kuwa bukatar ɗakunan, domin ƙanin Kawu da iyalinsa duka sun shekara a cunkushe a gidan, tun da 'yan bindiga suka tashi ƙauyensu a ƙasar Maradun.

Alhajin ya zagaya motar sau biyu, ya buɗe gabanta, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashi, ya ɗauki hotuna da waya. Sannan ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa ya ce, "Baba, komai nata na asali ne?"

Kawu ya ce, "Alhaji, ba ni ɓoye maka. Wanga inji da kaka gani shi ne na ukku. Na hwarko ya buga tun zamanin Babangida, wanga kuwa Ƙofar Ruwa munka sawo shi. Lagireto na wata mota ne anka yanke anka daidaita. Ƙofar dama ta wata ce da ta yi hatsari wajen Lambar Bakura. Kujera kahinta ya yi ta. Abin da ni san bai taɓa sauka ba, shasi ne, da sitiyari, da murhin baya mai sunan Datsun."

Alhajin ya yi godiya, ya ba da kuɗin goro, ya tafi. Dillalin ko sallama bai yi ba. A cikin gida aka rabu biyu a kan maganar, kuma ba zan ɓoye ba, ina cikin waɗanda suka ji haushi. Na ce a raina, mutum mai kuɗin sayen tsohon ƙarfe don ado, me zai rage shi da shi idan injin ba na farko ba ne? Yaran nan kuwa suna kwana a zaure. Na daɗe ina juya abin, har na lura tambayoyi biyu ne na cakuɗa. Ta farko, yaushe ne abu yake daina zama shi kansa idan ana ta canza masa sassa? Ta biyu, mene ne haƙƙin wanda ya dube ka ya tambaye ka gaskiyar abin da ke hannunka?

Sai da na fara gane abin da Alhajin yake nema, domin ban so in yanke masa hukuncin almubazzari ba tare da na san duniyarsa ba. A ƙarshen 1969 kamfanin Nissan ya fito da wata ƙaramar mota mai kujera biyu da dogon hanci, Datsun 240Z, wadda a Japan ake kira Fairlady Z. Injinta silinda shida ne, lita 2.4, kuma a Amurka an sayar da ita dala 3,500 da 'yan kai, abin da ya ba ma'aikaci mai matsakaicin albashi damar hawa irin motar da a da sai masu kuɗin Jaguar ko Porsche. Nahiyarmu ma ta san ta, domin ita ta ci gasar Safari ta Gabashin Afirka a 1971, ta sake ci a 1973, a kan hanyoyin da ba su fi namu kyau ba.

A watan Janairun 2020 an yi gwanjon wata 240Z ƙirar 1971 a intanet, aka saye ta dala 310,000. Ba don ta fi 'yan'uwanta gudu ba. Dalilin shi ne tafiyar da ta yi duka mil 21,000 ne da 'yan kai, kuma kusan komai nata yana nan yadda ya fito daga masana'anta. Masu wannan sha'awa suna duba lambar da ke jikin inji su gwada ta da wadda aka buga a farantin mota. Suna duba rediyo, da murfin taya, da ɗinkin kujera, har da irin ƙarfen da aka ɗaure tiyo da shi. Mutanen da a ƙuruciyarsu suka cire sitiyarin kamfani suka sa na gayu, suka canza kafireto da salansa don mota ta ƙara kuka, yau su ne ke yawo suna neman abin da suka jefar da hannunsu, suna biyan ninkin-ba-ninki.

Da farko wannan ya yi mini kama da hauka. Amma na tuna wani abu a gidanmu. Akwai Alƙur'ani rubutun hannun kakanmu, a cikin gafaka, takardunsa sun yi ja, gefensu ya gutsuttsure. Bugun Madina da ke kan kanta ya fi shi fitowa sarai, ya fi shi sauƙin karatu, kuma kalma ɗaya ba ta bambanta ba sai ta fuskar riwaya. Duk da haka, da wani zai zare warƙa goma ya sa waɗanda wani gwani ya kwafa jiya, ko da rubutun ya fi kyau, za mu ji an yi mana sata. Abin da muke riƙo a wannan gafaka shi ne hannun da ya taɓa takardar. Alhajin ma irin wannan yake saye, shaidar cewa wannan notin wani ma'aikaci ne ya ɗaure shi a Japan shekara hamsin da suka wuce, kuma ba wanda ya kwance shi. Mutum yana iya cewa bai ga amfanin hakan ba, amma ba zai ce bai san irin wannan ƙauna ba.

Sai dai idan aka bi kalmar asali zuwa tushenta, ba ta tsaya wuri ɗaya. Ita kanta masana'antar ba ita ke ƙera komai ba. Kafireton 240Z kamfanin Hitachi ne ya yi shi, a kan tsarin wani kamfanin Ingila mai suna SU. Motar Toyota da muke cewa komai nata na kamfani ne, kayan wutarta da yawa na Denso ne, wanda ya ɓalle daga Toyota ya zama kamfani mai cin gashin kansa tun 1949. Fulogi na iya zama na NGK, shakazoba na KYB. Tun ranar da mota ta fito, tarin kayan gidaje daban-daban ce, wani ya haɗa ya sa sunansa ya ce, na tsaya a kan wannan.

Su kansu kamfanonin sun ƙara dagula lissafin. Bayan Nissan ta daina sayar da 300ZX a Amurka a 1996, sai ta riƙa sayen tsofaffin 240Z a hannun mutane, ta sa aka kwance su aka sake haɗawa da sababbin kaya, ta sayar da su a shagunanta da garanti. Ba su kai hamsin ba, kuma yau ana rububinsu, ko da yake kowa ya san an taɓa kusan kowane sashe nasu. A 2017 sashen Nismo na kamfanin ya koma ƙera kayan gyaran Skyline GT-R ƙirar R32, motar da ta fito a 1989, Toyota kuma ta bi sahu da kayan Supra da na 2000GT. Ƙarfen da aka zuba bana don motar da ta shekara talatin, na asali ne? Masu sha'awar sun karɓe shi a haka. Har wilin Watanabe, wanda ba daga masana'antar mota yake fitowa ba, samari ne ke saye su sa, yau idan aka gan shi a tsohuwar Datsun ana cewa ya dace da zamaninta, ba a ɗaukarsa aibi. Motar da ta ci Safari a 1971 kuwa tana nan a ma'ajiyar Nissan da ke Zama da lotsewar jikinta, ba a buge ba, domin a wurinta raunin shi ne tarihin.

Wannan ruɗani ya girmi mota. Wani marubucin Girka mai suna Plutarch ya ba da labarin jirgin ruwan wani jarumi, Theseus, wanda mutanen Atina suka adana shekaru aru-aru, duk katakon da ya ruɓe su cire su sa sabo, har masana suka rabu a kan ko jirgin nan shi ne na da. A ƙarni na 17 wani Baturen Ingila, Thomas Hobbes, ya ƙara wa tambayar gishiri: to, idan wani ya bi yana tsince tsofaffin katakan ya haɗa jirgi da su, wanne ne na gaskiya a cikin biyun? Mu ba mu bukaci zuwa Girka ba. Kowane gidan manomi yana da gatarin kaka, wanda aka canza wa ƙota sau biyar, maƙeri ya sake ruwansa sau biyu, kuma ba wanda ya taɓa kiransa da wani suna. Gidan ƙasa da ake yi wa yaɓe kowace shekara, wace ƙasa ce ta farko a jikinsa?

Mutanen Japan ɗin ma, waɗanda ake neman notinsu na asali, suna da wani wurin ibada na addinin Shinto a Ise, wanda suke sake gina shi sabo fil da sabon katako duk bayan shekara 20, su rushe tsohon. Al'adar ta haura shekara 1,300, kuma ginin 2013 shi ne karo na 62. A wurinsu wannan bai mai da shi sabon wuri ba, domin tsarin bai canza ba, aikinsa bai canza ba, kuma kowane ƙarni na kafintoci ya koya daga hannun na gabansa.

Da na zo nan sai na ga tambayata ta farko ba ta da wuya kamar yadda na zata. Motar Kawu ita ce motar Kawu. Sassanta sun tafi ɗaya bayan ɗaya, amma ba ranar da aka wayi gari babu ita, aikinta bai yanke ba, kuma akwai mutum ɗaya da ya san labarin kowane canji, da shekararsa, da dalilinsa. Ga mai neman motar da za ta kai albasa kasuwa, ita ce. Ga mai neman hannun ma'aikacin Japan a kan kowane noti, ba ita ba ce. Duka amsoshin daidai ne, muddin an san abin da ake tambaya. Wuyar tana ga tambaya ta biyu, kuma wannan ba a Abuja na koye ta ba, a rumfar masu kayan gyara na koye ta.

Duk wanda ya taɓa raka bakanike sayen kaya ya san darajojin. Akwai folo-kam, wato wanda ya zo a jikin motar tun daga waje. Akwai Beljiyam, na kwance da aka shigo da shi, sunan da ya samo asali daga tashar jiragen ruwa ta Antwerp, inda tsofaffin motocin Turai suka daɗe suna tasowa zuwa Kwatano da Legas. Sunan ya bi kaya har ya zama injin Toyota da aka kwance a Japan, ya biyo ta Dubai, idan ya iso Kano Beljiyam ne. Akwai sabo na kamfani, mai tsada. Akwai ɗan Taiwan da ɗan China da aikin Nnewi, masu ɗauke da sunan wanda ya yi su. Daga ƙarshe akwai jabu, wanda aka yi a wani wuri aka sa shi a kwalin wani.

Huɗun farko da na tsakiya duka halal ne a kasuwa, kuma da su ƙasar nan ke tafiya. Aikin Bakolori, wanda aka kammala madatsarsa a 1978, an tsara shi ya shayar da kusan hekta 23,000, mafi yawa ta hanyar bututun fesa ruwa masu bukatar manyan famfuna da lantarki. Da waɗannan suka tsaya, da manoma sun zauna jiran kayan gyara na asali daga waje, da ba a sake cin tumatir ɗin rani a yankin ba. Ƙananan injunan ban ruwa ne suka riƙe noman, kuma da yawansu kwaikwayon injin Honda ne da aka yi a China. Manomin da ya sayi irin wannan ya san abin da ya saya. Ya biya kuɗin da ya dace da shi, ya san ba zai yi ƙarkon na Honda ba, ya ajiye fulogi na biyu a aljihu. Ba a cuce shi ba. Talaka yana da haƙƙin ya zaɓi mai araha da idonsa a buɗe.

Jabu dabam yake, kuma na ga aikinsa. Wani ɗan Kawu yana jan motar haya tsakanin Mafara da Maradun. Famfon mansa ya mutu, ya ƙi na araha, ya ciwo bashi ya sayi wanda aka ce masa na kamfani ne, a cikin kwali mai tambari da leda a liƙe. Kwana tara ya yi. Ranar ta goma, bayan la'asar sakaliya, motar ta mutu a tsakiyar daji da mata da yara a ciki. Wanda ya san hanyar a shekarun nan ya san abin da tsayuwa a wurin a irin wannan lokaci take nufi. Ya ce bai taɓa jin tsawon sa'a ɗaya kamar ta ranar ba, kowane ƙarar babur daga nesa sai matan su fara salati. Allah ya kawo wata mota ta ja su. Da bakanike ya buɗe famfon, tsoho ne aka wanke aka fesa wa fenti. Da an gaya masa tsoho ne, da ya saya a kuɗin tsoho ya riƙa tafiya da na ko-ta-kwana, ko ya daina lodin yamma. Abin da aka sace masa ya wuce bambancin kuɗin. An sace masa damar yin shiri, shi da mutanen da suka ba shi amanar rayukansu.

Wannan ya sa na koma kan hujjata ta farko, cewa Alhajin ba zai cutu ba tunda ajiye motar zai yi. Da na auna sai na ga hujjar ta juya a kaina. A matsayin ƙarfe, motar Kawu ba ta wuce kuɗin 'yan gwangwan da ɗan ƙari ba. Duk abin da ya hau kan wannan, kuɗin ɗaki biyu da kewaye, farashin kalma ɗaya ce, wato e. Ba mota za a sayar wa Alhajin ba, labari za a sayar masa, kuma labarin ƙarya ne. Mai famfon jabu ya ba da wani abu da ya yi aikin kwana tara. Kawu da ya amsa, da bai ba da komai ba daga abin da aka biya. Kasancewar mai sayen yana da kuɗi ba ya canza wannan, sai dai ya sa abin ya yi sauƙin haɗiya. Mai famfon ma, na tabbata, yana da labarin da yake gaya wa kansa: haya ta hau, yara na makaranta, kowa haka yake yi.

Maganar kowa haka yake yi ita ce ta fi ba ni tsoro. A 1970 wani masanin tattalin arziki ɗan Amurka, George Akerlof, ya yi nazari a kan kasuwar motocin hannu, wanda yana cikin abin da ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 2001. Abin da ya nuna shi ne, idan mai saye ba shi da hanyar bambance mai kyau da marar kyau, zai taya kowace mota a kuɗin tsaka-tsaki don ya kare kansa. Mai mota mai kyau sai ya ga an yi masa tayin wulaƙanci ya janye, kasuwa ta rage sai marasa kyau, farashi ya ƙara faɗuwa, amana ta ƙara mutuwa. Mu mun ga wannan da idonmu. Kalmar orijinal ta lalace a bakinmu har sai an ce orijinal na gaske, ko a haɗa da rantsuwa. Mutane sun fi yarda da tsohon Beljiyam mai tsatsa a kan sabo a kwali, domin tsatsa ba ta iya ƙarya kamar kwali. Mai shago na kirki, wanda ya sawo na kamfani da tsada, shi ke biyan bashin ƙaryar maƙwabcinsa, don ba mai yarda ya biya shi kuɗinsa.

Malamanmu sun daɗe da sanin wannan ƙofa. Kowane ɗalibin fiƙihu ya karanta hukuncin dabbar da aka ƙi tatsa kwana biyu ko uku don hantsarta ta cika, mai saye ya zaci mai nono ce: idan ya gane, yana da zaɓin mayar da ita, tare da sa'i na abinci a madadin nonon da ya tatsa. An kuma ruwaito yadda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya cusa hannu cikin tsibin hatsi a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya tuhumi mai shi don me bai sa jiƙaƙƙen a sama inda mutane za su gani ba. Abin lura shi ne ba a hana sayar da jiƙaƙƙen hatsi ba, ba a hana sayar da akuya marar nono ba. Ɓoyewar aka hana. Sashen da aka canza a mota ba aibi ba ne a kan kansa, yana zama algus ne a lokacin da aka rufe shi da fenti ko da shiru.

Akwai abin da har yanzu yake ci mini rai, kuma ba zan yi kamar na warware shi ba. Gaskiyar Kawu ba shi kaɗai ya biya kuɗinta ba. Yaran da ke kwana a zaure ba a yi shawara da su ba. Mutum yana iya zaɓar wa kansa wahala don ya tsare mutuncinsa, amma idan wahalar za ta sauka a kan wasu, abin ba ya zama da sauƙin yabo. Iyakar abin da zan iya cewa shi ne, kuɗin ba na Kawu ba ne tun farko, balle a ce ya hana yaran. Kuɗin Alhajin ne, wanda ya ware don wani abu da babu shi a gidanmu. Matsin da muke ciki gaskiya ne, amma bai mai da dukiyar wani tamu ba. Kuma yaran suna tsaye a wurin ranar. Sun ji abin da dillalin ya ce, sun ji abin da Kawu ya ce. Ban san wanne daga ciki zai fi yi musu amfani nan da shekara ashirin ba, ɗakin ko abin da suka ji, kuma ba na son in yi saurin amsawa a madadin wanda ya kwana cikin sanyi.

Tun da abin ya faru na riƙa jin kalmar asali da wani kunne dabam, domin ba a kan mota kaɗai muke yin wannan tambaya ba. Idan aka zo neman aure, kafin a tambayi halin yaro ana tambayar ko ɗan asali ne. Har yau akwai gidajen da za su juya wa ɗan mahauci ko ɗan wanzami ko ɗan maƙeri baya, ko wanda aka ce kakan kakansa bawa ne, su buɗe ƙofa ga wanda ba shi da komai sai sunan gida. Wannan duba kwali ne ba a buɗe famfo ba. Mun san kama da wane ba ta wane, amma muna mantawa cewa sunan wane ma ba ya wane. Sau nawa aka ba da yarinya ga tambari, aka gane abin da ke ciki bayan kwana tara? Tambayar da ta cancanci a yi wa mutum ita ce wadda ta cancanci a yi wa kayan gyara: abin da ya ce shi ne, shi ne kuwa? Zai kai mu inda ya ce zai kai mu?

Bayan mako biyu dillalin ya dawo shi kaɗai, da fara'a kamar ba abin da ya faru. Ya ce ya samo wata hanyar da ba sai an yi ƙarya ba. Akwai wani mai saye, ba Alhajin ba, wanda yake da irin motar mai jiki lafiyayye amma ba takardu. Abin da yake so kawai farantin lambar shasi, da tsofaffin takardun, da murfin baya mai sunan Datsun. Motar ta zauna a hannun Kawu ya ci gaba da lodinsa, a yi masa murfi na katako. Kuɗin da ya ambata sun kai rabin na farko. Na tuna Hobbes da mai tsintar katakai, na kuma yarda cewa a wannan karon ban ga laifin ba nan take, tunda ba wanda zai tambayi Kawu komai.

Kawu ya yi shiru yana jan carbi, sannan ya ce, "Yaro, shi wanga mutum mi za shi yi da hwarantin, in ba liƙa shi ga wata mota ba ya ce ita ce? Ƙaryar da ni ƙi yi da bakina, in ba wani ya tahi ya yi ta da ƙarhena?" Dillalin ya ce, "Baba, wannan ai tsakaninsa da Allah ne." Kawu ya ce, "To ni ma tsakanina da Shi ne. Gaida gida."

Daga baya shanun huɗarsa biyu ya sayar. Ɗaki ɗaya ya samu rufi kafin ruwan farko, ɗayan yana nan a linta har yanzu, samarin gidan kuma suna zaure. Talatar da ta wuce na je Mafara na tarar an cika motar da buhunan albasa, Kawu na ciki yana murza makulli tana ƙin tashi. Ya leƙo ta taga ya ce batir ɗin ɗan China ne, mai shagon ya gaya masa ba zai wuce shekara ba, ga shi kuwa shekarar ta cika. Muka taru mu biyar da 'ya'yan ƙaninsa muka tura ta har gangaren bakin titi, ta yi tari sau biyu, ta kama.